Daga Turke Zuwa Tarewa: Yadda Muka Gina Gidanmu a Bayan Katsina

Ranar da mai gidan da muke haya a Sabuwar Unguwa ya aiko yaronsa da takardar ƙarin kuɗi, karo na biyu cikin shekara biyu, ban ce uffan ba. Na ninke takardar na cusa a aljihu, na hau babur na tafi makaranta. Sai da dare, bayan yara sun yi barci, uwargida ta ce, "Malam, kuɗin da muka zuba a gidan nan tun aurenmu, da yanzu sun sayi fili har da katanga." Ban tsaya lissafi ba, don na san gaskiya ta faɗa.

A farkon 2019 ke nan. Ni malamin sakandare ne, ita kuma tana ɗinki a cikin gida. 'Ya'yanmu uku a lokacin. Ga mahaifiyata, Hajiya, tana cikin gari a gidan gado, gidan ƙasa irin na da, wanda magada suka yi wa yawa har kowa ya koma ɗaki ɗaya. Ba mu da wata dukiya a ajiye. Abin da muke da shi albashi ne, da adashi, da ɗan bashin da ƙungiyar ma'aikata ke bayarwa ana cira duk wata, sai 'yar gonar da ake noma mini a ƙauye.

Da na fara bin dillalai, kawuna ya kira ni gefe ya ce, "Kada ka kuskura ka sayi fili da rani." Na yi zaton tsufa ne ke magana. A watan Afrilu aka nuna mini wani fuloti mai kyau, shimfiɗaɗɗe, kuɗinsa da sauƙi, har raina ya biya. Saboda maganar Kawu na ja ƙafa. A watan Agusta, washegarin wani ruwan dare, na koma wurin. Sai da na naɗe wando zuwa gwiwa, kwaɗi kuwa sun mai da wurin gidansu. Duk wanda ya ga ɓarnar da ambaliya ta yi a Jibiya a damunar 2018 ba ya buƙatar a yi masa wa'azi a kan hanyar ruwa, amma ni sai da na gani da idona. Na bar wa dillalin filinsa.

Wanda muka saya yana ta hanyar Dutsinma, cikin ƙasar Batagarawa, ƙafa 50 faɗi, 75 tsawo. Gona ce ta gado aka yanka. A nan ma Kawu ya tsaya kai da fata sai duk magada sun sa hannu, har da matan da ke aure a wasu garuruwa, domin rigimar fili sau da yawa daga 'yar'uwar da ba a shawarta ba take tasowa. Mun yi sati uku muna jiran sa hannun mace ɗaya. Aka rubuta takarda gaban mai unguwa da shaidu, dagaci ya buga hatimi, aka ba dillali la'adarsa. Sai dai mutane da yawa ba su san wannan takarda ba ita ce ƙarshen magana ba. Tun dokar filaye ta 1978, ƙasa a hannun gwamnan jiha take, kuma takardar mallaka daga gwamnati take fitowa. Na buɗe fayil, na kuma kai zanen ginin hukumar tsara birane aka amince kafin a sara ƙasa. Ya ci kuɗi da zirga-zirga, amma ban taɓa kwana da fargabar jan fenti a jikin katangata ba.

Zanen kuwa wani tsohon ɗalibina ne ya yi mini, wanda ya karanta zanen gine-gine a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina. Ya fito da gida irin na zamani: babban get, wurin ajiye mota, falo, ɗakuna uku, kicin a ciki. Na ɗauka da murna na kai wa Hajiya. Ba ta iya karanta zane ba, don haka na riƙa nuna mata da yatsa. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "To ina soron?" Na ce ai yanzu an daina, get ake yi. Ni ne ɗanta na fari, ba ta taɓa kiran sunana ba, sai ta ce, "Kai wanga yaro, baƙo in ya zo shi yi sallama ina? Bisa titi? Ko kai tsaye za shi faɗo ma iyalinka?" Motar da aka ware wa wuri ma ba ni da ita. Aka koma aka gyara zane: soro ya shigo, da ɗan shago a gefensa mai kallon titi, aka buɗe tsakar gida, aka fitar da madafin itace waje ban da kicin na ciki. Yau ɗin nan ba inda ya kai soron nan amfani a gidan. A nan nake karɓar baƙi, a nan yaran unguwa ke karatun dare.

Fili ya yi fiye da shekara ɗaya ba a taɓa shi ba, sai bulo huɗu-huɗu da muka kafa a kusurwoyi don kada maƙwabci ya ci iyaka. A hunturun ƙarshen 2020 muka shiga aiki. Maginin da Kawu ya haɗa ni da shi dattijo ne, ya fara da ginin tubali tun yana yaro kafin ya koma na siminti. Baba nake ce masa, shi kuma yana ce mini Malam. Abu na farko da ya sa aka yi ba haƙa tushe ba ne, ramin tara ruwa ne aka gina aka shafe da siminti. Ya ce gini da ruwa ake yinsa, siminti rakiya ya yi. Unguwar ba famfo, sai 'yan garuwa da ke turo kura daga wata rijiyar burtsatse mai nisa, kuma wanda bai taɓa gini ba ba zai yarda da yawan kuɗin da ruwa kaɗai ke ci ba.

Ranar fitar da gini ta tsaya mini a rai. Aka kafa turaku, aka ɗaura igiya. Don kusurwa ta fita daidai, Baba ya auna ƙafa 3 a igiya ɗaya, ƙafa 4 a ɗayar, ya riƙa matsar da turke har tsakaninsu ya ba da ƙafa 5 cif. Na yi dariya na ce, "Baba, ai wannan lissafin ne ake koya wa yara a ƙaramar sakandare." Ya ce, "Ni dai ubangidana ya koya mani, kuma bai taɓa shiga aji ba."

Leburori suka shiga da diga da shebur. A yawancin wurin, ƙafa uku aka yi aka tarar da jar ƙasa mai tauri. Amma a kusurwar gabas sai ƙasa ta riƙa fitowa baƙa, mai laushi, da tsofaffin ledoji da fasassun tukwane. Ashe tsohon rami ne da aka taɓa ɗibar ƙasa, aka cike da shara. Na so a rufe ido a wuce, don kowace ƙafa da aka ƙara kuɗi ce. Baba ya ajiye cokalinsa ya ce, "Malam, in kana son a ɗora a hakanan, sai ka nemi wani. Ni ba ni gina abin da zai tsage a ce aikina ne. Tun ran gini, tun ran zane." Aka ci gaba da haƙa har kusan ƙafa shida, aka sa rodi a wurin. Wannan kusurwa kaɗai ta cinye kuɗin da na ware wa ƙofofi biyu, kuma ba wanda zai taɓa ganinta. Ɗakin Hajiya ne a kanta yanzu.

Abin da na koya a tushe shi ne awo. Buhun siminti kilo 50 ne, yana cika kwanon gini biyu. Kankaren ƙasan tushe awo ɗaya na siminti ake yi wa uku na yashi da shida na tsakuwa. Na ginshiƙi da linta kuwa, wato kankaren da ake zubawa a saman ƙofa da taga, ɗaya, biyu, huɗu. Idan ba ka tsaye, lebura ba don mugunta ba, don dai ya rage wa kansa kwaɓi, zai ƙara yashi ya tsuga ruwa. Ni ina aji daga safe zuwa azahar, saboda haka ƙanena da ya gama bautar ƙasa bai samu aiki ba ya zama idona a wurin. Kullum da yamma yana ƙirga buhunan da aka zazzage, ya ɗaure su ya kawo gida. Da farko masu aiki sun ji haushi, daga baya suka saba, har su suke tara masa. Bulon tushe mai inci tara aka cika cikinsa da kankare, aka zuba jar ƙasa aka daddaɓe, aka yi feshin maganin gara, aka shimfiɗa leda, sannan aka zuba daɓen da magina ke kira jaman fulo. Wasu na tsallake wannan daɓen don tsada. Su ne za ka ga bayan damuna biyu gindin bangonsu ya yi jirwaye, fenti na ɓarewa.

Hunturu na da daɗin aiki, amma iskarsa na shanye ruwan kankare kafin ya kama. Sati guda cur muna ban-ruwa safe da yamma, ni da manyan yarana biyu, da bokiti da gwangwani. Baba ya ce sai kankare ya kwana 28 yake kai ƙarfinsa, amma kwana bakwan farko su ne rai.

A lokacin buhun siminti naira dubu uku ne da 'yan kai, kuma muna ta kukan tsada. Ganin kullum gaba yake yi, da na kwashi adashi a 2021 sai na ce bari in yi wayo. Na sayi buhu 40 na jibge a shagon wani maƙwabci, a kan daɓe, jikin bango, na ce sai kuɗin aiki sun samu. Damuna ta shigo ta fita. Ranar da muka buɗe shagon, buhu 11 na ƙasa sun zama dutse, wasu kuma sun yi gudaji. Na zauna a bakin ƙofa na rasa abin cewa. Baba bai yi mini faɗa ba. Ya ce siminti ba gero ba ne da za a zuba a rumbu; ko an ɗora shi a kan katako an nisanta shi da bango, bai kamata ya wuce wata uku ba. "In ka samu kuɗɗi, Malam, maishe su bulo. Bulo ba ya ruɓewa, ɓarawo kuma ba ya gudu da shi a ka."

Wannan magana ita ta gina gidan. Daga ranar, duk kuɗin da ya shigo ba ya kwana uku a hannuna. In na buhu biyar ne, a sayo biyar, a kira masu buga bulo su zo da injinsu na hannu su buga a filin. Mun tsaya a kan bulo 32 zuwa 35 a buhu ɗaya na mai inci tara. A wasu gidajen bulo ana jan buhu har ya haura 45, shi ya sa za ka kankare shi da farce ya riƙa zubowa. Gwajin Baba mai sauƙi ne: ya ɗaga bulo daidai ƙirji ya sake shi a ƙasa. In ya tarwatse, babu ciniki. In kuɗin sun fi haka, a sayi rodi mai milimita 12 a kai gidan Kawu a ajiye. Uwargida ta sayar da 'yan kunnenta na zinare na aure, ba tare da na tambaya ba, da safe kawai ta miƙo mini kuɗi a ƙulle a leda ta ce, "Na linta ne." Hajiya ta sayar da tumaki huɗu da ake kiwata mata a ƙauye. Abokaina da suka ce sai sun tara kuɗi masu kauri a banki sannan su fara gaba ɗaya, har yau wasunsu ba su haƙa tushe ba, domin abin da suka tara a 2021 bai sayi rabin kayan ba a 2024.

Gini ya tashi zuwa linta a 2022. Aka zagaye gidan duka da linta, ba saman ƙofa da taga kaɗai ba, don ta ɗaure bangon wuri guda. Kafin a zuba kankare, Baba ya sa aka binne langa-langa a ciki, tazara kaɗan-kaɗan, aka bar bakinsu a waje. Da su za a ɗaure katakon rufi. Duk ɗan Katsina ya san iskar da ke zuwa gaban ruwan farko, wajen Mayu zuwa Yuni, mai tayar da jar ƙura ta rufe gari. A shekarar ma ta kwashe rufin wani gida a layinmu ɗungurungum, ta kifa shi a gonar mutane, don ƙusa kawai aka buga. Gemun ɗan'uwa ya kama wuta, na shafa wa nawa ruwa: na ƙara kuɗi aka ja rawani, wato aka ɗaga bango ya rufe bakin kwano ta yadda iska ba za ta samu wurin shiga ƙarƙashi ba.

Daga nan gida ya zama kango. Awaki suka samu wurin kwana, yara suka samu wurin ɓuya, aka sace mana rodi shida da baro. Ana cikin haka wani dattijo ya same ni a wurin wata Asabar. Daga wani ƙauye ta wajen Batsari ya fito da matarsa da jikoki uku, 'yan bindiga sun tashe su. Ya ce, "Alhaji, a taimaka a bar mu mu raɓa, mu yi maka gadi." Ban je Makka ba, amma ban gyara masa ba. Muka rufa ɗaki ɗaya da tsohon kwano, muka rataya buhu a taga. Tun daga ranar ko ƙusa ba ta sake ɓata ba. Matarsa ce ta shuka zogale da dalbejiya biyu a tsakar gida, tana ba su ruwan wanke-wanke.

Farkon 2023 muka shiga rufi, daidai lokacin da canjin takardun naira ya sa tsabar kuɗi ta ɓace. Ga kuɗi a asusu, ga kafintoci da leburori da ba su san wani abu taransifa ba, kuma da yamma kowa cefane zai kai gida. Masu POS in sun samu kuɗin ma sai ka saya da tsada. Dabarar da muka yi, na riƙa tura kuɗi ga wani mai kanti a bakin titi, masu aiki su je su karɓi garin masara da shinkafa da mai daidai ladansu. Haka aka buga katako. Kowane katako sai da aka shafe shi da baƙin mai saboda gara. Na so dogon kwano na alminiyon, aljihu ya ce a'a, muka sayi kwano na gama-gari, bandir-bandir, kowane bandir falle 20. Allah ya taimake mu muka rufe kafin damuna, kuma kafin 29 ga Mayu, ranar da aka sanar da cire tallafin man fetur. Cikin kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, kuma duk abin da ake ɗaukowa a mota ya bi ta: tifar yashi, tsakuwa, har ruwan burtsatse, tunda da janareta ake jawo shi.

Wayarin da aikin famfo ba ni da dogon labari a kansu, sai dai a binne bututu kafin shafe, kada a zo ana fasa bango daga baya. Sokawe, wato ramin ban-ɗaki, muka haƙa a bayan gida. Rijiya kuwa na haƙura da ita, don a fili irin nawa ba yadda za a yi ta yi nisan da ya kamata da ramin ban-ɗaki, nawa ko na maƙwabci.

Shafe ne ya durƙusar da mu. A Fabrairun 2024 siminti ya haura naira dubu goma a wurare da dama, har gwamnatin tarayya ta zauna da manyan kamfanonin aka yi maganar dawo da shi tsakanin dubu bakwai da dubu takwas. Ni dai abin da na sani, kuɗin da na tanada don shafe gida duka bai wuce ɗaki biyu da falo ba. Muka zauna da uwargida da Hajiya a kan tabarma. Na ce a jira shekara guda a gama komai, a shiga gida tsaf. Uwargida ta ce, "Malam, kuɗin hayar shekarar nan buhu nawa ne?" Na lissafa. Hajiya ta ce, "Ni a ɗakin ƙasa aka haife ni, bangon da ba fenti ba zai hana ni barci ba." Magana ta ƙare. Aka shafe ɗakin Hajiya, da namu, da falo, da ban-ɗaki ɗaya. Aka sa silin a waɗannan kaɗai, don kwano ba silin a zafin Afrilu na Katsina tanda ne. Tayil aka ce sai wani jiƙon, daɓen siminti ya isa. Ƙofofin ƙarfe da tagogi muka sa maƙeri ya yi mana ɗaya bayan ɗaya. Wuta ba ta iso layinmu ba tukuna, sai faifan sola biyu da batir ɗaya, na fitila da fanka da cajin waya.

Abin da ya fi yi mini nauyi shi ne gaya wa dattijon nan cewa za mu tare. Na yi kwana uku ina juya maganar. Da na je, tun kafin in buɗe baki ya ce, "Alhaji, na ga an kafa ƙofofi. Na riga na yi magana da mai kangon can na gaba." Ya nuna mini wani gini da ya tsaya a linta, gida huɗu tsakaninmu. Ƙanena da yarana suka taya su kwashe kaya, muka ba su tsohon kwanon suka rufa ɗaki. Har yanzu jikokinsa a soronmu suke karatun dare, matarsa kuma takan shigo ta tsinki zogalenta ba sai ta tambaya ba.

Mun tare ana saura kwana goma azumin 2025. Aka yi saukar Alƙur'ani da safe, aka dafa shinkafa da wake aka raba wa maƙwabta. Baba ya zo da farar riga, ban taɓa ganinsa ba siminti a jiki ba sai ranar. Ya zagaya gidan yana ƙwanƙwasa bango da bayan yatsa, ya tsaya a kusurwar gabas ya daɗe yana duba ta daga sama har ƙasa, sannan ya je ya zauna ya ci abinci.

Ɗaki na uku har yau bulo ne tsirara, a ciki keken ɗinkin uwargida yake, da buhunan gero. Bangon waje ma ba a shafe ba. A gefen dalbejiya akwai ragowar bulo 140 da muka jera, yara sun mai da su kujera. Adashina zai fito a wata mai zuwa, kuma na riga na gaya wa Baba ya zo ranar Asabar ɗin da ta biyo baya, ya auna tagar ɗakin.